Awo Ɗaya, Maƙera da Yawa: Tunani a Kan Daidaita Rubutun Hausa a Kwamfuta

A shekarar da nake haɗa kundin digirina na biyu, na karɓo wani filash daga hannun wani dattijo mai shagon buga takardu a tsakanin Fagge da Sabon Gari. Daga gidanmu da ke Kwaciri zuwa shagon ba wata tafiya ba ce, kuma na daɗe ina kai masa aiki tun ina dalibin digiri na farko. Ya shafe shekaru yana buga wa marubutan adabin kasuwar Kano littattafansu, da wasiƙun ƙungiyoyi, da kundayen ɗalibai. Bayan ya nemi yardar waɗanda za a iya samu daga cikin masu rubutun, ya kwafa mini abin da ya sawwaƙa domin in yi nazarin kalmomin aro a cikinsu. Na koma gida ina ganin rabin aikina ya ƙare.

Da na buɗe fayil na farko a kwamfutata sai na tarar da "}asa" a inda nake sa ran ganin "ƙasa", da "]aya" a gurbin "ɗaya", da "~angare" a gurbin "ɓangare". Fayil na biyu kuwa "qasa" da "xaya" da "vangare" ne. Na uku ya zo da "k'asa" da "d'aya". Na huɗu bai damu da ƙugiya ba sam, "kasa" ya rubuta, ya bar mai karatu ya tantance ko ƙasar haihuwa ake nufi, ko gazawa, ko macijiya, ko kasa kaya a kasuwa. 'Yan kaɗan ne daga cikin na baya-bayan nan suka zo da ƙ ta ainihi. Kalma ɗaya, siffa biyar, kuma manhajar ƙirga kalmomi ta ɗauke su a matsayin kalmomi biyar da ba su san juna ba.

Washegari na koma shagon. Na ce, "Baba, fayilolin nan sun lalace." Ya karɓa ya sa a tsohuwar kwamfutarsa, sai ga rubutu tsaf, kowace ƙugiya a mazauninta. Ya ce, "Malam, ba su lalace ba. Injinka ne bai san su ba." Gaskiya ya faɗa. A injinsa akwai zubin haruffan da aka yi aikin da shi, wanda yake zana ƙ a duk inda aka danna wata alama ta daban. A takarda babu wanda zai ga bambanci. A cikin na'ura kuwa, abin da aka adana ba ƙ ba ce, baka ce mai lanƙwasa da aka sanya wa rigar ƙ.

Ba na faɗin wannan domin in zargi kowa. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ta fara shiga ofisoshi da shagunan Kano, babu wata hanya mai sauƙi ta fitar da haruffa masu ƙugiya. Zubin haruffa irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, su ne suka fitar da marubuta da maɗaba'u kunya, kuma da irinsu aka buga littattafai da mujallu masu yawa. Sun magance matsalar zamaninsu, wato yadda rubutu zai fito a takarda. Matsalar zamaninmu daban ce: yadda za a nemo kalma a intanet, a ƙirga ta, a jera ta cikin ƙamus, a aika ta daga waya zuwa waya ba tare da ta sauya kama ba.

Abin da na fara so

Na yi makonni ina gyara. Na fara da sauya kowace q zuwa ƙ, sai na tarar na mayar da sunayen Larabci da aka rubuta da q zuwa wani abu daban. Na sauya v zuwa ɓ, sai kalmomin Ingilishi da ke cikin hirar taurarin labari suka rikice, alhali su ne abin da nake nazari. Fayilolin da ba su da ƙugiya kuwa sai da na bi su da ido, domin babu dabarar da za ta raba "ya ɓata" da "ya je Bata", ko "baƙi" da "baki", in ba fahimtar jimla ba.

A cikin wannan gajiya na yanke hukunci a raina cewa maganin abin guda ɗaya ne: a samu hukuma ta zaɓi allon madannai ɗaya, da zubin haruffa ɗaya, da manhajar gyaran rubutu ɗaya, ta wajabta su a kan kowace jami'a da maɗaba'a da jarida. Wanda ya ƙi, kada a karɓi aikinsa. Na kai wannan ra'ayi wurin wani abokina da muka tashi tare a unguwa, wanda sana'arsa shirya manhaja ce. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce wannan gardamar ta girme mu a fagensu, kuma har yau ba a rufe ta ba. Daga hirarrakin da muka yi da karatun da na bi daga baya ne na fahimci cewa na cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba.

Darasi daga harsunan shirya manhaja

Harshen shirya manhaja yana da fuska biyu. Akwai ƙa'idarsa, wato bayanin abin da kowace jimla take nufi. Akwai kuma tafintansa, wato manhajar da take karanta jimlolin ta mayar da su umarnin da na'ura za ta aiwatar. Tambayar da masu wannan fage suke ta juyawa ita ce: shin jama'ar harshe su taru a kan tafinta ɗaya, ko su bar tafintoci su yawaita?

Harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ya fi karkata ga hanya ta farko. Akwai tafintoci irin su PyPy da Jython da MicroPython, amma CPython shi ne madubi, abin da ya yi shi ake ɗauka a matsayin daidai. Amfanin haka a fili yake. Mai koyo ba ya ruɗewa, masu gyara suna zuba ƙarfinsu wuri ɗaya, kuma abin da ya yi aiki a Kano zai yi aiki a Yamai. Harshen C ya bi hanya ta biyu. An rubuta masa ƙa'ida a Amurka a 1989, hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta karɓe ta a 1990, kuma tafintoci irin su GCC da Clang suna gogayya a ƙarƙashinta. Haka ma JavaScript, wanda aka ƙirƙira a 1995 aka kuma rubuta masa ƙa'ida a 1997: manhajojin shiga intanet na Google da Mozilla da Apple kowace da injinta, amma takarda ɗaya suke bi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne illar da masu hanya ta biyu suke hangowa a tafinta ɗaya. Idan babu na biyu, babu yadda za a bambance ƙa'ida da kuskure. Duk abin da tafintan ya yi, ko da tuntuɓe ne, jama'a za su gina aikinsu a kansa, bayan shekaru kuma ya zama doka da ba wanda ya zauna ya tsara. Saboda wannan ne masu tsara ƙa'idojin intanet suka daɗe da sharaɗin cewa ba a ɗaga wata ƙa'ida zuwa babban matsayi sai an samu aƙalla aiwatarwa biyu masu zaman kansu da suka yi aiki da juna. A 2010 an jingine wata ƙa'idar adana bayanai a shafukan intanet mai suna Web SQL, kuma dalilin da aka bayar shi ne duk masu aiwatar da ita manhaja guda suka dogara da ita, wato SQLite. Ba a ce manhajar ba ta da kyau ba. An dai ga cewa takardar da ba ta da mai gwada ta sai mutum ɗaya, bayanin halin mutumin ce kawai.

Akwai kuma darasi na biyu a tarihin Python ɗin kansa. Lokacin da aka fitar da Python 3 a 2008, ɗaya daga cikin manyan sauye-sauyen shi ne yadda yake riƙe rubutu, inda aka mayar da tsarin Unicode ginshiƙi. Sauyin ya karya tsofaffin ayyuka da yawa, kuma sai a farkon 2020 aka daina kula da Python 2. Jama'a masu kuɗi da ƙwararru sun ɗauki fiye da shekara goma kafin su ƙaura daga tsohuwar hanyar riƙe haruffa. Wannan ya rage mini fushi da dattijon nan da tsohuwar kwamfutarsa.

Mun taɓa bin wannan hanya

Da na waiwayi tarihin rubutun boko da wannan ido, sai na ga ba baƙon al'amari ba ne a wurinmu. Turawan farko da suka rubuta Hausa kowa da dabararsa, wani ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya sa alama a gefensa. Hanns Vischer, wanda muka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934. A ƙarshen shekarun 1930, ƙarƙashin jagorancin R. M. East a Zariya, haruffa masu ƙugiya suka samu gindin zama, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin editan Hausa, ta kai su lungu da saƙo.

A wancan zamani, Zariya ita ce tafinta ɗaya tilo. Abin da maɗaba'arta ta buga shi ne daidai, domin babu wata ta biyu mai ƙarfinta. Dole a yarda cewa wannan ya yi amfani ƙwarai. Da a ce maɗaba'u biyar ne masu ƙarfi ɗaya a 1939, kowace da haruffanta, da wuya a ce yau ɗan Sakkwato da ɗan Bauci suna karanta littafi guda ba tare da tuntuɓe ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu son aiwatarwa ɗaya, kuma tarihinmu ya gaskata ta: a farkon tafiya, kafin jama'a su yi yawa, hannu ɗaya mai ƙarfi yana iya kafa abin da taro goma ba su kafa ba.

Sai dai magabata ba su tsaya nan ba. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. An yi taron Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, wanda bayansa Nijar ta ɗauki shekaru tana ninka wasali domin nuna tsawonsa, Nijeriya kuwa ba ta bi ba. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Bayero ta ɗauki nauyin tarurrukan daidaita rubutu a shekarun 1970. A Janairun 1980 aka zauna a Yamai domin kusanto da ƙasashen biyu, sannan Nijar ta tabbatar da ƙa'idarta da dokar gwamnati a 1999. Duk waɗannan tarurruka abu ɗaya suka yi ƙoƙarin yi: su ciro ƙa'ida daga hannun maɗaba'a guda su rubuta ta a takarda, yadda kowace maɗaba'a za ta iya bi, kuma a iya ce wa kowace ta yi kuskure.

Haka abin yake ga karin harshe. Ana cewa Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne a kan Kananci, kuma haka ne. Amma ni da na tashi a Kwaciri na san cewa ba duk abin da muke faɗa a bakin Kantin Kwari ne ake rubutawa ba. Kananci madubi ne da aka duba, ba shi ne ƙa'idar ba. Ranar da muka manta wannan bambanci, duk wata al'adar bakin Kano za ta zama doka, kuma Basakkwacen da ya ce "tahi" ko "hwari" zai zama mai kuskure a harshen uwarsa.

Inda na tsaya

A nan ne ra'ayina na farko ya rushe. Na yi tunanin manhajar gyaran rubutu guda ɗaya da aka wajabta wa kowa. Wa zai tsara jerin kalmominta? Idan ya manta wata kalma, ko ya fifita yadda ake faɗa a garinsu, jan layi zai riƙa bayyana a ƙarƙashin kalmar a kowace kwamfuta, ɗalibai kuma za su riƙa gogewa har ta fita daga rubutu. Mai nazarin waƙar baka da ke rubuta baitin mawaƙin Gobir ko na Katsina yadda ya fito daga bakinsa zai yi ta faɗa da na'ura. Idan kuma mai manhajar kamfani ne na wata ƙasa, ranar da ya ga babu riba zai rufe ta. Idan mutum ɗaya ne mai kishi, ranar da ya gaji ko ya koma ga Mahaliccinsa aikin ya tsaya. Abin da ya faru da fayilolin dattijon nan ke nan: ma'anar rubutun tana cikin zubin haruffa ɗaya, da zubin ya ɓace sai ma'anar ta bi shi.

A Kantin Kwari yadi ɗaya ne, amma ba a ce kowa ya sayi sandar awo a wurin mutum ɗaya ba. Wannan shi ne tsarin da nake ganin ya dace da mu. Abin da ya wajaba ya zama ɗaya shi ne lambar da na'ura take adanawa. Unicode ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lambobinsu tun farkon shekarun 1990: ƙ ita ce U+0199, ɗ ita ce U+0257, ɓ ita ce U+0253. Duk allon madannai da ya fitar da waɗannan lambobi daidai ne, ko a waya yake ko a kwamfuta, ko wane maɓalli ya zaɓa. Duk wanda ya fitar da wata lamba ya sa mata riga, kuskure ne komai kyawunsa a ido. Ajami ma ya nuna mana hakan yana yiwuwa. Zubin Alkalami, wanda aka tsara bisa salon hannun Kano, da zubin Harmattan, kamanninsu daban ne, amma lambobin Unicode suke bi, don haka rubutun da aka yi da ɗaya ba ya rasa ma'anarsa idan aka buɗe shi da ɗayan.

Akwai wurin da ƙa'idar tamu ta yi shiru, kuma a nan ne ɓarna take ci gaba ko da an bar tsofaffin zubi. Nijeriya tana rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ. A takarda wannan bambanci ƙarami ne. A na'ura kuwa alamar da ke gaban y tana iya zama ɗaya daga cikin lambobi uku ko huɗu: miƙaƙƙiya, da mai lanƙwasa dama, da mai lanƙwasa hagu wadda manhajar rubutu take sakawa da kanta a farkon kalma domin ta zaci buɗe zance ne, da kuma U+02BC wadda aka tanada a matsayin harafi. Manhajojin rarraba kalmomi da yawa suna ɗaukar ukun farko alamun rubutu ne su yar da su, sai "'ya'ya" ta koma "ya" sau biyu. Haka hamzar da ke cikin "ma'ana" da "jama'a" take raba kalma gida biyu. Tarurrukan Bamako da Yamai ba su yi maganar wannan ba domin a lokacin tambayar ba ta taso ba. Yanzu ta taso, kuma idan masana ba su amsa ta ba, kamfanonin waya za su amsa mana ita ba tare da sun san sun yi ba. Ni dai ina ganin ƴ ta fi aminci a na'ura, ko da yake a wannan rubutu na bi ƙa'idar da aka koya mini. Ko wacce aka zaɓa, a rubuta a takarda cewa ita da 'yar'uwarta harafi ɗaya ne wajen nema da jerawa.

Ban jahilci raunin matsayina ba. Yawan tafintoci yana bukatar yawan ma'aikata, mu kuwa masu wannan aiki ba mu da yawa. Idan mutum goma ne suka iya, raba su gida biyar asara ce. Saboda haka ba na adawa da a samu manhaja guda da cibiyoyinmu za su tsaya mata, ta zama abin koyi kuma a raba ta kyauta. Sharaɗina biyu ne. Na farko, ƙa'idar ta zauna a wajen manhajar, a rubuce, da jerin kalmomi da kowa zai iya saukewa ya duba ya yi gyara, tare da jimlolin gwaji da za a auna kowace sabuwar manhaja da su. Na biyu, jerin ya bambance kuskure da kari, yadda "tahi" za ta fito da alamar Sakkwatanci, "}asa" kuwa ta fito da alamar gyara. Idan aka cika waɗannan, ko da manhaja ɗaya ce a yau, ƙofa a buɗe take ga ɗalibin Maraɗi ko na Zariya ya gina ta biyu gobe, kuma ta biyun ce za ta tona kurakuran ta farko.

Akwai abin da mujallu irin wannan za su iya yi tun yanzu ba tare da jiran taro ba. Su daina karɓar muƙalar da aka buga da tsohon zubi, su kuma bayyana wa marubuta dalili. Sassan Hausa su nemi kowane kundi a miƙa shi da lambobin Unicode. Abin da ya fi gaggawa kuma shi ne tsofaffin fayiloli. Kowane tsohon zubi yana da jadawalinsa na wace alama ce take wakiltar wane harafi, kuma mayar da su abu ne mai sauƙi matuƙar an san zubin da aka yi aiki da shi. Masu wannan sani su ne masu buga takardun da suka yi aikin da hannunsu, kuma shekaru suna tafiya da su da injinansu.

Bayan na kammala kundin na koma shagon da 'yar takarda, muka zauna da dattijon ya riƙa danna maɓallai ina rubuta abin da kowanne yake fitarwa a kowane zubi da ke injinsa. Ba mu kai awa ɗaya ba muka gama. Ya tambaye ni ko wannan ɗan jadawali shi ne duk abin da ya hana ni barci makonni, na ce masa shi ne. Ya yi dariya ya ce da na tambaye shi tun ranar farko. Takardar tana nan cikin jakata, kuma na buga ta na ba duk wanda ya nema. A bara da na bi ta layin na tarar tsohuwar kwamfutar ta daina tashi, ya sayi wata, kuma bai san inda zai samo tsofaffin zubin ba.